Wahalar faɗa a Kingdom Come: Deliverance, gaskiyar yaƙi ce ko gazawar masu ƙira?

Ɗan Maƙeri:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna a kan tsarin faɗa na Kingdom Come: Deliverance, na farkon wanda kamfanin Warhorse Studios na birnin Prague ya fitar a watan Fabrairun 2018, domin na ga mutane da yawa suna yabonsa da cewa babu wasan bidiyon da ya kai shi kusantar yadda ake yaƙi da takobi a Turai a wancan zamani. Ban ƙi yabon gaba ɗaya ba, amma ina zargin cewa akwai nakasun da ake lulluɓewa da sunan bin gaskiya.

Abin da na yarda da shi shi ne tushen labarin. An ba ka Henry, ɗan wani maƙeri a ƙauyen Skalitz na ƙasar Bohemiya a shekarar 1403, saurayin da bai iya karatu ba, balle riƙon takobi. Tun kafin sojojin Sarki Sigismund na Hungary su ƙone garin, idan mahaifinsa ya aike shi karɓo bashi wurin mashayin nan Kunesh, mai yiwuwa ne ya dawo da kumburarriyar fuska. Wannan bai dame ni ba, hasali ma ya burge ni. Haka nan idan faɗan na mutum biyu ne, tauraron nan mai kusurwa biyar da ke nuna inda za ka kai sara, da sukar da ke tsakiyarsa, suna sa ka ji cewa kana karanta jikin abokin karawarka.

Matsalata tana farawa ne da zarar maharan sun kai uku. Kamara takan maƙale wa mutum ɗaya, sauran biyun su zagaya bayanka inda ba ka ganinsu, kuma kafin ka juya ta zuwa ga wanda ke saranka, an riga an jefa ka cikin duka ta ko'ina, ba ka iya ɗaga hannu ba ka iya gudu. Tambayata ita ce, wannan koyi ne da haƙiƙanin yaƙi, ko kuwa tsari ne da aka gina domin mutum biyu sannan aka tilasta masa ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa?

Tsohon Barde:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a shiga shari'a ina da tambaya guda: tsawon wane lokaci ka ɓata a filin horo na Kyaftin Bernard da ke bakin garin Rattay? Ina tambaya ne saboda akasarin masu wannan kuka sun je wurinsa ne sau ɗaya tak, lokacin da labari ya tilasta musu, daga nan suka hau doki suka nufi daji.

A wannan wasan koyo iri biyu ne ke tafiya tare. Akwai koyon hannunka kai mai wasa, wato sanin lokacin da za ka tare sara idan koren garkuwar nan ta bayyana a tsakiyar tauraro, akwai kuma koyon jikin Henry, wanda ƙarfinsa da zafin namansa da ƙwarewarsa a kowane makami suke ƙaruwa gwargwadon yadda ya yi amfani da su. Ko da kai gwani ne, idan Henry bai horu ba saransa zai fito a makare, ya gaji bayan sara uku ko huɗu. Bernard kuwa zai tsaya da kai da takobin katako har sai ka ce ka gaji, ba ya karɓar ko groschen ɗaya a kan wannan atisaye.

Abu na biyu da sababbi ba sa lura da shi shi ne ma'aunin kuzari. Shi ne garkuwarka ta haƙiƙa. Muddin akwai kuzari a jikinka kuma kana sanye da sulke, yawancin duka a kansa yake ƙarewa, amma da zarar ka ƙarar da shi wajen kai sara barkatai, kowane bugu zai shiga jiki, kuma raunin da ka samu yana rage iyakar kuzarin da zai iya dawo maka. Saboda haka wanda ya fara jin rauni yana ƙara lalacewa ne da sauri.

Game da mutum uku kuwa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma ban san wani zamani a tarihi da wannan magana ta taɓa faɗuwa ba. Wasannin da suka saba mana da jarumi ɗaya yana karkashe mutum ashirin su ne suka yi mana ƙarya.

Ɗan Maƙeri:

Yaya, na je wurin Bernard, kuma na daɗe a can har na koyi jerin sara da martanin gwani. Ba mutuwar nake ƙorafi a kai ba. Na yarda mutum uku su kashe ni. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce abin da ya kashe ni wuyana ne da ya ƙi juyawa. Mutumin da aka kewaye a fili yana iya waiwayawa cikin ƙiftawar ido, yana ganin motsi ta gefen idonsa, yana jin takun wanda ke bayansa. Henry ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan yadda ya kamata.

Mai Kulki:

Ni a ganina ku biyun kun tsallake babbar ɓarakar, kuma Ɗan Maƙeri ya ambace ta a wucewa: martanin gwani. Ga wanda bai kai wurin ba, wata dabara ce da Bernard ke koyarwa, inda za ka danna maɓallin tarewa daidai lokacin da abokin gaba ya fara ɗaga makami, sai Henry ya kawar da saran ya mayar da martani a motsi ɗaya, kuma babu yadda za a tare wannan martani. Daga ranar da ka iya ta, duk sauran abin da aka koya maka ya zama ado.

Dalili kuwa shi ne abokan gaba ma sun iya ta. Duk lokacin da ka kai sara ga ƙwararren mayaƙi, ka ba shi damar ya yi maka ita, kuma kai ma ba ka da abin tarewa. Jerin saran nan masu kyau, wanda za ka kawo daga hagu, ka biyo da dama, ka rufe da suka, da wuya ka kammala su a kan wanda ya san hannunsa, domin zai katse ka a sara na biyu. To mai hankali me zai yi? Sai ya daina kai hari. Ya riƙa ja da baya yana jira a kawo masa, ya danna maɓalli ɗaya, ya sake ja da baya. Na san za a ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma ragon nan namu ba ya taɓa kai karo, jiran na wani yake yi har a tashi.

Ƙara da wannan, idan ka ɗauki kulkin ƙarfe da garkuwa, ka nufi kai kawai, to ka gama da wasan. Takobi ba ya cin sulken faranti, kulki kuwa ba ruwansa da kaifi, kuma akwai wata baiwa da Henry ke iya samu wadda wani lokaci takan sa bugun kai ya sumar da mutum nan take. Ni da kulki nake wasa, sunana ma ya nuna, amma ba zan ce tsarin da makami ɗaya da maɓalli ɗaya suka rinjayi komai a cikinsa ya cika ba.

Ɗalibar Tarihi:

Malamai, ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren da na fi sani, domin kalmar gaskiya tana ta yawo a wannan zaure ba tare da an auna ta da abin da mutanen wancan zamani suka bari a rubuce ba.

Maganar Mai Kulki ta fi nauyi fiye da yadda shi kansa ya ɗauke ta. Koyarwar takobi da ta yi tashe a ƙasashen Jamusawa, wadda Bohemiya ke maƙwabtaka da su kuma take cikin daula ɗaya da su, ana jingina ta ne ga Johannes Liechtenauer, malamin da ya rayu a ƙarni na 14. Ginshiƙin koyarwarsa shi ne ka riga abokin karawarka, ka tilasta masa ya kasance kullum yana amsa maka, kuma almajiransa sun yi ta gargaɗi a kan mai tsayawa yana tare sara kawai. Wasan da ya ɗauko sunayen dabarunsa daga wannan makaranta, sannan ya saka wa mai jira ya hukunta mai kai hari, ya juya koyarwar ne a kan kanta.

Amma a batun kulki ban ga laifin masu ƙira ba, a nan sun bi gaskiya. Mayaƙi mai hali a 1403 yana sa rigar lifidi a ciki, ya ɗora sulken zobba, sannan faranti a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, kamar dai yadda wasan ya jera su hawa-hawa. Sara da kaifin takobi ba ya yi wa irin wannan mutum komai. Shi ya sa Fiore dei Liberi, malamin Italiya da ya rubuta koyarwarsa a farkon shekarun 1400, wato daidai zamanin labarin, ya nuna cewa idan masu sulke suka haɗu, ana kama tsakiyar ruwan takobi da hannun hagu a mayar da shi kamar gajeren mashi, a nemi hammata ko maƙogwaro ko ramin ido, a shiga kokawa, a kayar da mutum, a ƙarasa da wuƙa. A wasan an taƙaita wannan duka zuwa jerin sara guda ɗaya da ɗan turereniya idan an sarƙe. Wannan ne babban gibin a wurina, ya fi na kamara.

Sai batun manoma da ƙwararru. A 1361 sojojin Sarki Valdemar na Denmark sun haɗu da manoman tsibirin Gotland a bakin ganuwar Visby, kuma masu tonon tarihi sun fito da ƙasusuwan mutum fiye da dubu ɗaya daga manyan kaburburan wurin. Abin da ya fi yawa a jikinsu shi ne sara a ƙwauri, inda garkuwa ba ta kaiwa, da raunuka a kai. Wannan yana nuna abu biyu: wanda bai horu ba ba ya daɗewa a gaban wanda ya horu, kamar yadda Henry ke gani a farkon wasa, kuma faɗan gaske ba shi da tsabtar da tauraro mai kusurwa biyar ke nunawa.

Ƙari a kan haka, makamin talakan soja a lokacin mashi ne da gatari mai doguwar ƙota, da baka mai kunama, wato wadda ake ɗana wa kibiya a harba kamar bindiga, wadda ta yaɗu ƙwarai a tsakiyar Turai. A wasan farko babu baka mai kunama ko ɗaya, dogayen makaman kuma kana iya tsintarsu a fili amma ba ka iya ajiye su cikin kayanka.

Tsohon Barde:

Malama, Allah ya ƙara ilimi. Ban da ja a kan Liechtenauer, kuma martanin gwani ba shi ne abin da zan tsaya karewa ba. Inda nake tsaye shi ne, ku duka kuna auna wasan ne a kan abin da ke faruwa bayan an zare takobi, alhali rabin tsarin faɗansa yana faruwa ne kafin a zare.

Ku tuna aikin leƙen asirin sansanin Pribyslavitz. An tura Henry shi kaɗai ya gano yawan 'yan fashi da sojojin hayar Cuman da ke ɓoye a kangon. Wasan bai ce ka yaƙe su ba. Ya bar maka tukwanen abincinsu a kan wuta da za ka iya zuba wa guba, ya bar maka tarin kibansu da za ka iya cinna wa wuta, ya kuma bar maka damar sa kayansu ka ratsa ta tsakiyarsu. Abin da ka aikata a daren nan, da abin da ka faɗa wa ubangidan Henry, Sir Radzig, game da yawansu, suna shafar yadda yaƙin gobe zai kasance. Wanda ya kutsa sansanin da takobi tsirara ya mutu, sannan ya zo yana zagin kamara, bai saurari abin da aka ce masa ba.

Maharbi:

Ina goyon bayan Yaya Barde a nan, kuma zan ƙara da baka, wadda ba wanda ya ba ta haƙƙinta tukuna. Babu ɗigon saiti a allo. Hannun Henry yana rawa idan ya ja tsirkiya, kuzarinsa yana zuba muddin yana riƙe da ita a jaye, kuma a matakan farko tsirkiyar tana dukan damtsensa ta ji masa ciwo idan bai sa abin kare hannu ba. Gasar harbi ta farko da ɗan sarautar nan Hans Capon a Rattay an shirya ta ne domin ka ji kunya. Amma wanda ya daure ya yi ta farautar zomo a daji har idonsa ya san inda kibiya ke sauka, ya samu maganin mutum uku ɗin da Ɗan Maƙeri ke kuka da su.

Ga yadda nake yi idan na hango su a kan hanya. Ba na sauka daga doki. Nakan ba su tazara, in juyo, in saki kibiya ga wanda ba shi da sulke, in sake yin gaba. Idan kibiyar tana da dafi, ko ta shafi cinya ce kawai ta wadatar. Kafin su iso ni sun koma biyu ko ɗaya, kuma sau da yawa na ƙarshen yakan zubar da makami ya durƙusa yana roƙo, sai in zaɓa tsakanin in sake shi, ko in karɓe makaminsa, ko in nemi kuɗi. Idan kuwa dole ta sa na sauka, nakan nemi ƙofa ko wata 'yar siririyar hanya tsakanin shinge da bango inda ba za su iya zagaye ni ba.

Mai Kulki:

Malam Maharbi, abin da ka bayyana hujjata ce, ba taka ba. Idan hanyar da ta fi dacewa a wasan takobi ita ce kada ka yarda a yi faɗan takobi, to me ya rage na yabon?

Maman Biyu:

Ku yi haƙuri in karkatar da maganar kaɗan, domin a wurina wahalar faɗan ba za a raba ta da tsarin adana wasa ba. A wasu wasannin masu tsanani, irin su Dark Souls, idan ka mutu kana dawowa wurin da ba shi da nisa, ka sake gwadawa nan da nan, kuma ta haka hannu ke koyo. A nan kuwa, in ban da inda labari ya adana maka da kansa, sai ka kwanta a gadon da yake naka, ko ka sha wani abin sha mai suna Saviour Schnapps, wanda yake da tsada ga sabon ɗan wasa, kuma yana sa Henry maye idan ya yawaita shi.

Sakamakon haka shi ne, mutum zai shafe sa'a guda yana tsinkar ganye, ya kai sulke gyara, ya wasa takobi a kan dutse yana lura da tartsatsi kada ya dakushe shi, ya yi ciniki da mai sayar da nama, sannan a kan hanyar Sasau wasu su fito daga cikin itatuwa su kashe shi cikin daƙiƙa ashirin. Abin da zai maimaita ba faɗan ba ne, tsinkar ganyen ne. Bai koyi komai game da takobi ba. Ga wanda ke da iyali da aiki, wanda sa'ar nan guda ita ce duk abin da ya samu a ranar, wannan ba tsanani ba ne, rashin mutunta lokacin mutane ne. Kuma kada a manta cewa lokacin da wasan ya fito cike yake da kurakurai, har yakan rufe kansa, ya tafi da duk abin da ba a adana ba. Masu ƙirar da kansu sun ga haka, shi ya sa bayan 'yan makonni suka ƙara damar adanawa yayin fita.

Maharbi:

Hajiya, ai ba sai an saya ba. Ganye biyu kawai ake buƙata, mai ƙaiƙayin nan da ke tsirowa ko'ina a bakin hanya, da belladonna. Ki tsaya a teburin haɗa magani, ki zuga wuta da zugazugi, ki juya agogon yashi, ki daka a turmi, cikin ɗan lokaci kin tara abin da zai ishe ki har ƙarshen labari. Sai dai ki fara zuwa Uzhitz wurin magatakarda Henry ya koyi karatu, in ba haka ba haruffan littafin a hargitse za ki gan su.

Maman Biyu:

Na sani, kuma ina yi. Amma ka lura da abin da ka faɗa: idan ƙwararre yana iya tara kwalabe hamsin, to takurawar ba ta taɓa shi ba ko kaɗan. Sabon shiga kaɗai take cizo, wanda shi ne ya fi kowa mutuwa, kuma shi ne ya fi buƙatar ya sake gwadawa.

Tsohon Barde:

Hajiya ta kawo magana mai ƙarfi, amma ina roƙon a dubi ɗaya fuskar. Ku tuna yadda kuke ji idan dare ya same ku a dajin da ke tsakanin Talmberg da Rattay, kuna riƙe da tocilan itace da ba ya haska abin da ya wuce taku kaɗan, ga kayan da kuka sha wahalar samu a jikin doki, kuma kun san rabonku da adanawa tun hantsi. Sai ku hango wani abu a yashe a tsakiyar hanya. A wannan lokaci za ku ja linzami ku tsaya, ku saurara, ku yi tunanin ko ku ratse ta cikin gona. Wannan tsayawar ita ce wasan. Da a ce kuna iya adanawa da danna maɓalli ɗaya, da kun sukwane doki kun afka, in an kashe ku ku dawo. Tsoron asara shi ne abu ɗaya tilo da wasan bidiyo ke da shi wanda zai tsaya a madadin tsoron mutuwa, kuma idan aka cire shi, duk maganar sulke da kuzari ta zama lissafi kawai.

Ɗalibar Tarihi:

Yaya Barde, wannan tsoron yana nan a kashi ɗaya bisa uku na farkon wasan, daga nan sai ya ɓace, kuma wannan ne abin da ban ji kowa ya taɓo ba. Da zarar Henry ya tara cikakken sulke daga gawawwakin da ya tuɓe, ya kai ƙarfinsa mataki na sama, wasan yakan kife. Saurayin da ɗan fashin nan Runt ya yi wa dukan kawo wuƙa a kangon Skalitz ya ƙwace masa takobin mahaifinsa, cikin 'yan makonni na lokacin labari sai ga shi yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar sansani yana kwantar da mutane. Ɗan babban gida a wancan zamani yakan fara koyon doki da makami tun yana yaro, ya shafe shekaru yana yi wa wani barde hidima kafin a kira shi mayaƙi.

Ba na cewa sulke bai kamata ya ba da rinjaye ba. Cikakken sulken faranti na ƙarni na 15 yakan kai kilo 20 zuwa 25, a rarrabe a jiki, kuma mai shi yana iya gudu da hawa doki, saɓanin tatsuniyar cewa sai an ɗaga shi. Amma yana da farashi. Masu bincike a Jami'ar Leeds ta Ingila sun ɗora masu sanye da sulke a kan injin tafiya a 2011, suka samu cewa ƙarfin da jiki ke ƙonawa ya kai kusan ninki biyu. Wasan ya nuna wani ɓangare na wannan, domin murfin kwalkwali yana rage maka gani, ƙarar ƙarfe kuma tana tona maka asiri idan kana sanɗa, amma Henry yana iya yini da kwana cikin faranti yana tsere a kan tudu. Abin da ke kayar da mai sulke a tarihi shi ne gajiya da zafi da taɓo da taron mutane da za su danne shi a ƙasa, kuma ko a lokacin sau da yawa ba a kashe shi, ana tsare shi ne domin kuɗin fansa.

Maharbi:

Malama, maganin wannan shi ne tsarin tsanani da suka ƙara a tsakiyar 2018. Babu tafiyar gaggawa, taswira ba ta nuna inda kake, sai ka dubi rana da kogi da hasumiyar coci ka gane hanya. An cire ma'aunin lafiya da na kuzari daga allo, an cire alamar da ke gaya maka lokacin tarewa, sai dai ka kalli kafaɗar mutum ka saurari numfashin Henry. Kuma dole ka zaɓi aƙalla nakasu biyu tun farko, kamar jinin da ba ya tsayawa da wuri, ko rawar hannu, ko tafiya cikin barci wadda za ta sa ka farka a wani jeji ba ka san inda kake ba. A wannan tsari ban taɓa jin na fi ƙarfin hanya ba.

Mai Kulki:

Yana jinkirta kifewar, bai hana ta ba, domin martanin gwani yana nan daram. Kuma ina ganin hujja mafi ƙarfi a wannan muhawara masu ƙirar wasan ne suka ba da ita da hannunsu a kashi na biyu, wanda ya fito ranar 4 ga Fabrairun 2025. Sun rage kusurwoyin daga biyar zuwa huɗu. Sun mayar da martanin gwani na masu takobi kaɗai, kuma ba ya fita sai ka kai naka saran daga ɓangaren da ke kishiyar nasa a daidai lokacin, wato sai ka karanta mutum, ba danna maɓalli kawai ba. Sun sassauta yadda ake sauya wanda ake fuskanta idan mahara sun yi yawa. Sun kawo baka mai kunama, wadda Malama ta ce babu, da bindigogin farko na zamanin. Duk abin da aka gyara a nan, abu ne da aka shafe shekaru ana gaya mana cewa gaskiya ce ba kuskure ba.

Tsohon Barde:

Ba duk abin da aka sauya ne aka sauya domin kuskure ba, wani an sauya shi ne domin a faɗaɗa kasuwa. Na farkon mutane ne suka tara masa sama da fam miliyan ɗaya a dandalin tara gudummawa na Kickstarter a 2014 bayan manyan kamfanoni sun ƙi ɗaukarsa, kuma waɗanda suka ba da kuɗin sun nemi abin da ba ya lallashin kowa. Na biyun an yi shi ne da sanin cewa miliyoyi za su saya. Gyaran martanin gwani na karɓe shi hannu biyu. Rage kusurwoyi kuwa, har yanzu ina jin rashin saran nan biyu na ƙasa, waɗanda su ne suka fi kusa da raunukan ƙwaurin da Malama ta ambata a Visby.

Ɗan Maƙeri:

Na gode muku duka. Har yanzu ina kan bakana game da kamara, domin ban ji wanda ya kare ta kai tsaye ba, kowa hanyar kauce mata ya nuna mini. Amma zan gwada shawarar Malam Maharbi ta doki da baka, kuma ina so in ɗaura wa kaina sharaɗin barin martanin gwani gaba ɗaya in ga ko faɗan zai koma yadda Malama ta siffanta. Tambayar da ta rage mini ita ce, idan na bar shi, ta yaya zan buɗe ƙwararren da ke tare duk abin da na kawo?

Mai Kulki:

Ka matsa jikinsa har ku sarƙe, idan ƙarfin Henry ya fi nasa za ka ture shi ya yi taga-taga, kuma a wannan ɗan lokacin saranka na farko yakan shiga ba tare da ya mayar maka ba. Ka riƙa ɗaga makami ta wata kusurwa ka sauya zuwa wata kafin ka saki, domin yaudarar tana rage masa damar tarewa. Kada ka wuce sara biyu sai ka ga kuzarinsa ya ƙare, za ka gane haka idan ya fara haki yana sauke hannu. Idan kuma yana sanye da faranti daga sama har ƙasa, ka mayar da takobin kube ka ɗauko kulki, ko da ba ka horar da Henry a kansa sosai ba. Bernard yana koyar da shi a filin nan guda, sai dai ka zaɓi makaman katako, domin da na ƙarfe yakan aika mutum gadon jinya.